Sawun Ɓarawo a Adabin Hausa: Daga Gasar 1933 zuwa Kasuwar Dakwaro

Gabatarwa

A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a nan Dakwaro akwai wani kwali da muke tara littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai ana tsakiyar darasi. Tun da wayar salula ta yawaita cikinsa ya ragu, amma bai taɓa zama wayam ba. Wata rana ina jiran a buga ƙararrawa sai na zazzage shi a kan tebur. Na zaci soyayya zalla zan tarar, kamar yadda mu malamai muka saba zargi. Soyayyar kuwa tana nan, sai dai kusan duk wanda na buɗe sai in ci karo da dukiyar marayu da aka cinye, ko amarya da aka sace, ko gawa da aka tsinta a bayan gari. Ashe yaranmu laifi da sakamakonsa suke karantawa, mu muna can muna faɗa da bango.

Wannan ne ya sa na koma ga tarihi da tambayoyi biyu. Tun yaushe marubucin Hausa ya fara bin sawun mai laifi? Me ke raba marubuci da reshen da ya fara kamawa, ya kai shi ga wannan? Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ina da raƙumi a cikin ayarin, domin ni ma na ɓata shekaru ina neman inda alƙalamina zai zauna.

Ɓarawo ya riga boko zuwa

Kafin a buga littafi ko ɗaya da boko, kunnen Bahaushe ya saba da labarin laifi. Gizo maƙaryaci ne, maci amana, mai cinye abin da aka ba shi ajiya, kuma don shi yara ke hana idonsu barci. A hirar manya akwai labaran gwanayen ɓarayi masu gasar sata, da na alƙali mai hikima wanda zai gano mai gaskiya da tambaya guda. Karin magana ma ta tanadi hukuncinta: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wato kayan aikin suna nan tun fil azal, akwai mai laifi, akwai wanda aka cuta, akwai ranar tonon asiri.

Gasar 1933

A shekarar 1933 Rupert East, shugaban hukumar fassara da talifi ta Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga gare ta: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Mun saba koyar da su a matsayin tubalan farko na zube, amma ba mu cika lura da yawan laifin da ke cikinsu ba.

Idon Matambayi ɓarayi ne taurarinsa, kuma daɗinsa yana ga dabarun da suke ƙulla wa mutane da waɗanda suke ƙulla wa junansu. Shaihu Umar, duk da natsuwarsa, a kan manyan laifuffuka biyu ya tsaya: sharrin da fadawa suka ƙulla wa Makau, da satar yaro a zamanin cinikin bayi. Ko Ruwan Bagaja da muke karantawa don dariya, ramuwar gayya ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kowa na jefa ɗan uwansa hannun hukuma.

Jiki Magayi ne ya fi kusa da abin da a yau za a kira labarin laifi. Attajiri Malam Shaihu ya yi amfani da dukiyarsa ya raba Abubakar da Zainab. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman abin ramuwa, ya samo asirin da ya lalata ɗan da aka haifa a wannan aure, wato Kyauta. Yaro ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne. A lura da zubin labarin: babu abin da aka ɓoye wa mai karatu. Tun farko ya san wanda ya yi, ya san dalili. Abin da ke riƙe shi shi ne jiran ranar da alhaki zai iso gida. A wannan turba adabinmu ya yi tafiyar shekara hamsin, kuma har yau bai sauka daga kanta gaba ɗaya ba.

A Turai kuwa wata turba aka bi. Tun daga labarin Edgar Allan Poe na 1841, zuwa Émile Gaboriau a Faransa, zuwa Sherlock Holmes da Conan Doyle ya fito da shi a 1887, mai bincike ne tauraro. Ana ɓoye mai laifi, a bar mai karatu ya yi ta tsintar alamu har shafin ƙarshe. Su suna tambayar wa ya aikata, mu muna tambayar yaya zai ƙare.

Lokacin da birni ya buɗe baki

Bayan yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 sai kuɗin man fetur suka malalo. Samari suka bar gona suka nufi birni, makamai suka yawaita a hannun da bai dace ba, aka shiga harbe ƴan fashi a bainar jama'a. Laifi ya tashi daga matsayin abin hira ya zama abin da ke hana barci, marubuta kuwa suka ji a jikinsu.

Abdulƙadir Ɗangambo masanin waƙa ne a Jami'ar Bayero ta Kano, kuma da nazarin waƙa aka fi saninsa. Amma da ya zo rubuta ƙagaggen labari, Kitsen Rogo, wanda ya fito a 1978, sai ya ɗauki saurayin ƙauye da birni ya ruɗa har ya faɗa hannun miyagu. Sunan littafin ma ya gama bayani: abin da ake hange fari fat, a ɗanɗana a ji ba maiƙo.

Misalin da ya fi dacewa da tambayarmu shi ne na Sulaiman Ibrahim Katsina. Da soyayya ya shigo fage. Mallakin Zuciyata yana cikin littattafai uku da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan wata gasa, tare da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Mutumin da ya ci gasa da soyayya, da ya so sai ya zauna a nan ya ci gaba da cin moriyarta. Amma a 1982, cikin littattafan gasar da hukumar al'adu ta tarayyar Najeriya ta shirya, sai ga shi da Turmin Danya, labarin Alhaji Gabatari, hamshaƙin ɗan fasa-ƙwauri wanda kuɗinsa suka saye bakin masu faɗa a ji. A 1983 kuma ya fito da Tura Ta Kai Bango, inda ya juya ga maguɗin siyasa. Cikin shekara uku marubuci ɗaya ya tashi daga zuciyar masoya ya koma ga aljihun azzalumai.

A ganina ba gudun soyayya ya yi ba. Wanda ya karanta littafinsa na farko da kyau zai ga cewa abin da ke shiga tsakanin masoya tun can shi ne kuɗi da iko. Da ya gane cewa wannan ne ainihin ciwon da ke damunsa, sai ya kawar da labule ya dube shi kai tsaye. Haka marubuci ke gane reshensa: ya duba abin da ke dawowa cikin rubutunsa ko bai gayyace shi ba.

Mu mutanen jihar Maraɗi ba ma buƙatar a fassara mana Turmin Danya. Katsina maƙwabciyarmu ce, kuma iyakar da Alhaji Gabatari ke wasa da ita irin wadda muke kwana a bakinta ce. Mun san yadda atamfa da taba ke gangarawa kudu, fetur ya hauro arewa. Masani Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kan alhazan Maraɗi a 1986, inda ya nuna matsayin cinikin iyaka a bunƙasar birnin. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a 1984, a daidai shekarar fari, talakawanmu sunan shugaban da ya rufe ta suka laƙaba wa yunwar. Littafin an rubuta shi a can, amma rabin labarinsa a wannan gefen yake, kuma wannan rabin yana jiran mai rubuta shi.

A cikin littattafan gasar ta 1982 har ila yau akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Tauraronsa Mailoma, ɗan Maguzawa ne da ya ga yaƙi, ya fito da zuciya ƙeƙasasshiya, ya tara miyagu ya kafa ƙungiya mai harkar makamai da miyagun ƙwayoyi. Ba a taɓa zubar da jini a zuben Hausa kamar yadda aka zubar a nan ba, kuma saurin labarin ya nuna marubucin ya san fim da littattafan Turawa na ban tsoro. Duk da haka dubi sunan da ya ba shi. Ko Gagare, da duk tsaurin idonsa, ga karin magana ya koma don yanke hukunci. Wanda ya sake karanta littafin a yau, bayan abin da dazuzzukan Zamfara da Katsina suka zama, sai jikinsa ya yi sanyi.

Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma aka shiga zamanin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda marubuta ke buga littattafansu da kansu. Soyayya da zaman aure ne suka mamaye shi, amma laifi bai fita ba. Balaraba Ramat Yakubu ta sa wa littafinta na 1990 suna Alhaki Kuykuyo Ne, wato dai turbar Jiki Magayi ce aka shigo da ita tsakar gida. Wasu kuma, irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih, suka yi suna a labaran sarƙaƙiya da tashin hankali. Waɗannan ne kakannin abin da ke cikin kwalinmu.

Abin da taga ta Faransanci ta nuna mini

Mu da muka yi lakwal a Nijar muna da taga ta biyu. Ina lise a Maraɗi na fara karanta Georges Simenon, ɗan Beljiyam, wanda ya fito da kwamishina Maigret a 1931. Abin da ya kama ni shi ne Maigret ba ya gaggawa. Yakan zauna a unguwa ya saurari mutane har ya fahimci abin da ya tura mai laifi. Na ce a raina, ai wannan dattijon unguwa ne aka sa wa kwat.

Tarihin wannan reshe cike yake da waɗanda suka faɗo cikinsa ba da niyya ba. Chester Himes, baƙar fatar Amurka, a kurkuku ya fara rubutu. Ya wallafa littattafai masu nauyi a kan wariyar launin fata, ba su fitar da shi daga talauci ba, ya ƙaura Faransa a 1953. A can Marcel Duhamel, wanda ya kafa jerin littattafan Série noire a 1945, ya ba shi shawarar ya gwada labarin ƴan sanda. Littafin da ya biyo baya, La Reine des pommes, ya ci babbar kyautar wannan fanni a Faransa a 1958. Wariyar da ya daɗe yana kuka da ita ba ta ɓace ba, sai ma ta fi fitowa fili a titunan Harlem da ya zana.

Kusa da mu, a Mali, ɗan jarida Modibo Sounkalo Keïta ya wallafa L'Archer bassari a 1984. Wani maharbi ne ke bin manyan mutane da kibiya ɗaya bayan ɗaya, bincike kuma ya gano cewa waɗanda ake kashewa sun ci amanar jama'ar da fari ya kassara. Moussa Konaté, shi ma ɗan Mali, ya daɗe yana rubuta wasan kwaikwayo da labaran zaman jama'a kafin ya ƙirƙiro kwamishina Habib, wanda a L'Empreinte du renard na 2006 ya je ƙasar Dogon ya tarar dokar gwamnati ba ita kaɗai ke da iko ba. Dukkansu abu ɗaya suka gano: gawa ɗaya tana ba marubuci izinin buɗe kowace ƙofa, ta talaka da ta mai mulki.

Gurbin da ya rage

Me ya sa mai bincike ya yi ƙaranci a zuben Hausa, alhali ɓarawo ya cika shi? Ina ganin dalilai uku.

Na farko tarihi ne. Mai kaki da talaka ya fara sani, ko ɗan doka ne a ƙasar Ingilishi ko gardi a ƙasar Faransa, mai karɓar haraji ne da kamun aikin tilas, aikin da ba a soke shi a yankunan Faransa ba sai 1946. Da wuya jama'a su ɗauki wanda suke gudu su mai da shi gwarzon labari.

Na biyu tarbiyya ce. Mun tashi a kan kunya da rufin asiri. Mai yawan tambaya a kan abin da ya faru a gidan wani, sunansa ɗan sa-ido ko magulmaci. Mai bincike kuwa sana'arsa ke nan.

Na uku shi ne yadda muka fahimci shari'a da ƙaddara. A gaban alƙali mai ƙara ne ke kawo shaidu, wanda ya musanta ya yi rantsuwa, abin da ya ɓoyu kuma a bar wa Allah. Inda aka yi imani cewa alhaki ba ya ɓatan hanya, marubuci bai ga tilas ya ƙirƙiro wanda zai nuna masa gida ba.

Mai bin sawu

Duk da haka muna da mai bincikenmu, ni ma a makare na gane. Shekaru na yi ina fama da wani labarin soyayya. Na cika littafin rubutu uku, amma duk wanda na ba ya karanta sai ya dawo mini da shi yana yabon Hausar kawai, wanda kowa ya san ta'aziyya ce. Ana nan sai aka kwance wa wani maƙwabcinmu shanun huɗa biyu da dare, damina na ƙaratowa. Da asuba aka kira wani tsoho mai bin sawu, na bi su don kara. Tsohon nan ya durƙusa ya dubi ƙasa, ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, kuma sun san gidan, domin ba su yi dawurwura wajen neman turke ba. Ya nuna inda suka tsaya, da inda suka bi ta kan tsandauri don su ɓatar da sawu. Da rana ta take muka tsaya a bakin wata rijiya, ya yi wa masu ban ruwa tambayoyi uku kacal.

An samo sa ɗaya. Ɗayan ya riga ya shiga kasuwa. Wanda ya nuna hanya kuwa ɗan ƙanen mai shanun ne, bashi ya ci shi. Abin da ya hana ni barci shi ne abin da ya biyo baya: mai shanu ya ƙi kai ƙara wurin jandarma, dangi suka taru aka rufe magana, yaron ya bar gari. A daren na ajiye littattafan soyayyata, na fara rubuta abin da na gani. Karo na farko ke nan da alƙalami ya riga ni gudu.

Ƙasar Dakwaro kuwa ba ta rasa abin rubutawa ba. Muna zaune ne inda gona ke karo da makiyaya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma yunwar ƙasa ta sa gonaki sun haura kwarin Tarka. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin kula da filaye, amma rigimar burtali da rijiya ba ta ƙare ba. Mun ga farin 1973 da na 1984, mun ga wahalar 2005 da asarar dabbobi ta 2010, kuma kowane fari yana da waɗanda ya talauta da waɗanda ya azurta. A kasuwar dabbobi akwai dillali, wanda amanarsa ce takardar shaidar ciniki, akwai tambarin da ke jikin raƙumi wanda masani ke karantawa kamar wasiƙa. A kudancin jiha, wajen Madarunfa da Gidan Runji, satar shanu da garkuwa da mutane sun addabi ƙauyuka, kuma a 2019 dubban ƴan gudun hijira suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina.

Sai dai a nan ne haɗarin yake, kuma ina roƙon duk mai niyyar rubutu ya tsaya ya yi tunani. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin wannan jiha tamu, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. Abin da ke haifar da irin wannan shi ne a ɗauki laifin mutum ɗaya a ɗora wa ƙabila. Labarin da zai mai da Bafillace ko Buzu ko Bahaushe ɓarawo tun daga haihuwa, itace yake ƙara wa wuta. Darajar labarin bincike ita ce yana koya wa mai karatu ya jinkirta hukunci, ya tuhumi zatonsa na farko, ya nemi hujja. Tsohon nan mai bin sawu bai tambayi ƙabilar kowa ba, ƙasa ya duba, sawu kuwa cikin gida ya komo.

Kammalawa

Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Matsayi a takarda abu ne mai kyau, amma harshe da abin karantawa yake rayuwa, kuma yaro ba ya karanta abin da bai ja shi ba. Shawarata ga ƴan uwana malamai ita ce mu sa Jiki Magayi da Turmin Danya kusa da L'Archer bassari a aji ɗaya, mu bar ɗalibai su gano bambancin zubinsu da kansu. Ƙungiyoyin al'adu kuma, in za su shirya gasar rubutu, su ware wa labarin bincike gurbi, su kuma nemi tsofaffin masu bin sawu da dillalai a ɗauki iliminsu tun suna raye. Gasa ce ta haifi littattafan 1933, gasa ce ta fito da Sulaiman Ibrahim Katsina da Bature Gagare, ba abin da zai hana ta yi mana irin wannan aiki a Maraɗi ko Damagaram.

Kwalin nan kuwa na roƙi shugaban makaranta ya bar mini shi. Yanzu duk wanda aka karɓe wa littafi, sharaɗin mayar masa shi ne ya rubuto mini shafi ɗaya: wa aka cuta a labarin, wa ya gano gaskiya, kuma ta yaya. Wata ɗaliba ƴar aji uku ta kawo nata da ƙarin shafi huɗu da ban tambaya ba, labarin wata akuya da ta ɓace ranar kasuwa. Ban gane ɓarawon ba sai a layin ƙarshe.